Baƙon da Ke Kwana a Jijiya

Ɓargona ne a cikin ƙashinka, Ma'azu.
A Tunis suka zuƙo shi daga ƙuguna
da allura mai kaurin basilla.
Na yi mako ina takawa kamar tsohuwa,
kai kuwa kana bayan gilashi, kai tas ba gashi,
kana yi mini gwalo.

Baba ya sayar da filinsa na hanyar Dakoro,
ya haɗa da rabin shago a Babbar Kasuwa.
Sikila ta tafi, in ji takarda.
Muka dawo Maradi da jakar magani
wadda ta fi ta tufafinka nauyi.

Wata biyar muna tafasa ruwan shanka,
muna tsayar da masu barka a bakin zaure.
Sai ran wata Talata ka ce riga na cizonka.
Inna ta juya ta, ta karkaɗe,
ko kiyashi babu.
Kwana biyu, ga ƙuraje sun jeru
daga tsakiyar baya zuwa ƙirji,
gefe ɗaya tak,
kamar tela ya auna ya tsaya.
Iskar fanka ma ta zama wuta a gare ka.

Tsahara maƙwabciya ta leƙo da man shanu a murfi.
Inna ta yi godiya, ta ajiye shi kan katanga,
ta ce in kira mai adaidaita.

Likita Sahabi ya juya bayan takardar magani,
ya zana layi da biro.
Ya ce, ya taɓa ƙarambau?
Inna ta ce e, yana shekara uku,
daminar da gulbi ya cinye gonar Kawu Illo.
Ya ce, to, ba ta tafi ba.
Ƙwayar ɗaki ta samu a jijiya, ta shimfiɗa tabarma,
shekara shida ba ta ko tari.
Maganin da ke sulhunta sabon ɓargo da jikinsa
shi ya sa masu gadi gyangyaɗi,
kuma ba ɓarawon waje kaɗai
ke jiran mai gadi ya rufe ido ba.

Na daɗe ina murza bakin mayafina
kafin tambayar ta fito:
tawa ce ko tasa?
Ni na ba shi, haɗe da kyautar?

Ya ɗago ya dube ni sosai.
Ya ce, Hamsatu, wannan tasa ce.
Tana da dangi masu bin dashe su shigo,
su muke farauta in mun ɗebi jini mun aika Yamai.
Amma wannan 'yar gida ce.

Na fita wajen famfo na yi kuka.
Har yau ban san na mene ne ba.

Kwana bakwai, ƙarin ruwa sau uku a yini.
Na haddace ɗigonsa,
na san wace nas ke samun jijiya a karon farko.
Baba na zuwa bayan Isha'i
da rasit a aljihu, ba ya nuna wa kowa.

Yanzu sun bushe, sun yi ɓawo.
Kana ƙirga su da yatsa, talatin da ɗaya,
ka ce sun yi kama da garken tumaki
masu gangarawa gulbi.
Ka tambayi yaushe za ka koma lakwal.
Ba a ba ka amsa ba,
ka koma ƙirga.

Ni dai kowane dare, in gida ya yi tsit,
sai in kunna fitilar waya,
in duba leɓenka, in duba bayanka,
in ɗora kunne kusa da haƙarƙarinka,
inda jinina ke koyon zama naka,
in ce wa masu gadin nan ƙanana:
ku tashi mana,
ni ce, 'yar gidanku.